Kwamfutocina sun ƙi karɓar Windows 11, in koma Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da katin gayyata a Gusau. Kwamfutoci biyu gare ni, duka na hannu ne, kuma duka sun ƙi karɓar Windows 11. Ƙanena ya ce in sa Linux tunda kyauta ne. Irina zai iya da shi, ko sai masana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi tambayar a kan gaɓa, domin tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta dakatar da tallafin da ta saba ba Windows 10. Shi kuwa Windows 11 yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in furosesarka ta Intel ce, sai zubi na 8 zuwa sama. Wataƙila abin da ya hana naka ke nan.

Za ka iya da Linux, ƙwarai kuwa. Shi ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma iri-iri ne. Linux Mint nake ba sabon shiga shawara, don fuskarsa ta yi kama da wadda ka saba: jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubuta takardu, yana tashi ko da RAM ɗin 2GB ne, kuma ba ya sabunta kansa sai ka ce masa ya yi. Wanda ke lissafin data da man janareta ya san darajar wannan. Ga kuma filashin kwastomomi: ƙwayoyin cutar da ke ɓoye fayiloli don Windows aka rubuta su, ba sa aiki a Linux.

Amma kai mai sana'a ne, kuma a nan nake so ka natsu. CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Word duk ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki da kyau, sai dai hannun da ya shekara yana zana kati a Corel sai ya koma ɗan koyo, ga mai biki tsaye yana jira. LibreOffice na buɗe takardun Word, amma wani lokaci tebur ko lambar shafi kan goce, ɗalibin da ya kawo furojet kuwa ba zai karɓi uzuri ba. Sannan ranar da abu ya cije, yawancin masu gyaranmu Windows suka sani, wataƙila sai dai ka nemi ƙanen naka. A ganina wannan ya fi komai nauyi, domin rabin sauƙin Windows daga yawan waɗanda suka iya shi ne.

Don haka ka raba ƙafa. Wadda kake zane da ita ka bar ta a Windows, ka rage shiga intanet da ita tunda tallafin Windows 10 ya ƙare, har Allah ya hore wadda ta cika sharuɗɗan Windows 11. Ɗayar, ta cike fom da buga takardu, ita za ka sa wa Mint. Kafin nan ka kwashe fayilolinka, ka ɗora Mint a filashi ka kunna kwamfutar daga cikinsa, ba zai goge komai ba muddin ba ka girka shi ba. Ka jona firintarka ka buga shafi. Na HP galibi suna kamawa da kansu, in taka ta ƙi, ka dakata da girkawa har a samo mata direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta.