Amsa ga mahaifiyar da ta yi tambaya kan ƙarin jijiyar gani

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Hajiya ta ce ɗanta mai shekara 4 yana da tabo-tabo a jiki tun haihuwa, likitan yara a nan Jos ya kira abin da suna niyurofaiburomatosis nau'i na ɗaya, wato NF1, ya kuma tura su wajen likitan ido alhali yaron bai taɓa kukan ido ba, shi ne take tambaya ko turawar ta zama dole.

Hajiya, ta zama dole. Wannan lalura tana samun kusan mutum 1 cikin 3,000, rabin masu ita sun gada ne daga uwa ko uba, rabi kuwa a kansu ta fara, saboda haka kada dangi su tsaya neman gidan da ta fito. Tabon da mu kan ɗauka tawadar Allah ce, idan ya kai 6 ko fiye, ga kuma ɗigo-ɗigo a hammata ko matsematsi, shi ne ke sa likita ya yi zarginta.

Abin da ya haɗa ta da ido shi ne, cikin yara 100 masu NF1, kamar 15 zuwa 20 sukan samu ƙari a jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, galibi kafin su cika shekara 7. Kalmar ƙari tana tsinka zuciya, amma wannan mai jinkirin girma ne, ba kasafai yake barazana ga rai ba, kuma fiye da rabin yaran da ke da shi ba ya taɓa damunsu. Ganin yaron ake tsaro, domin jijiyar gani idan ta shanye ba ta komawa yadda take. Ba kamar yanar ido ba ce da za a cire gani ya dawo, kuma tabarau ba ya gyara ta.

Wahalar ita ce yaro ƙarami ba ya cewa ba ya gani. Idan ido ɗaya ya raunana, ɗayan ya ɗauke aikin, sai ki ga yaro yana ta guje-guje a tsakar gida ba abin da ya dame shi. Ki rufe masa ido ɗaya da tafin hannunki cikin wasa, ki nuna masa cokali ko murfin kwalba daga nesa, sannan ki sauya. Idan ya yi shiru a ɗaya, amma a ɗayan ya dinga fizge kai yana ture hannunki, mai yiwuwa lafiyayyen kika rufe. Ki lura kuma da harara-garke, da ido ɗaya da ya fara turowa waje, da kai waya har bakin hanci, da alamun balaga kafin lokaci, wato kafin shekara 8 ga mace, 9 ga namiji, domin ƙarin yakan taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da girma. Gwajin gida dai ba ya tsayawa a madadin na asibiti: a kai shi a auna ganinsa aƙalla sau ɗaya a shekara har ya kai 8, daga nan a ci gaba yadda likita ya tsara. Akwai sashen ido a JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da ke Lamingo, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai da jijiyar gani, ana yin sa ne idan awon ya nuna matsala, ko aka kasa auna yaron yadda ya kamata. Ko an ga ƙarin, muddin gani bai ragu ba, sa ido kawai ake yi, kuma a ganina nan ne iyaye suka fi shan wuya, don sukan ɗauka sakaci ne. Idan gani ya fara raguwa sai a shiga kemo, wato maganin ƙari da ake sawa ta jijiya, yawanci carboplatin da vincristine, na fiye da shekara guda, burin farko kuwa a tsayar da asarar, ko da yake wasu yaran ganinsu yakan ƙaru. Gashin ƙari da hasken na'ura ana guje masa ga masu NF1 saboda yakan jawo wani ƙarin daga baya ya kuma lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, tiyata kuma sai idon ya riga ya makance ya turo yana ciwo.

Ranar zuwa ki riƙe katinsa, ki roƙi a rubuta miki sakamakon kowane ido daban, don da shi za a kwatanta na baɗi. Ku ma iyayen da sauran yaran a duba fatarku. Allah Ya ba shi lafiya.