Amsar Kawu a Kan Kwanon Ciyayya

Assalamu alaikum 'yata. Ina gajiya, ya maigidan naki da yara? Allah Ya raya mana su.

Saƙonki ya iso. Kin ce kin aika wa Inna kuɗin hatsi, sai kika ji labari kullum da magariba kwanon tuwo uku ke fita daga gidan, alhali rumbu ya kusa ƙasa kuma gero bai nuna ba. Kina tambaya: wannan addini ne, ko al'ada ce ta neman suna da ke ƙara wa talaka talauci?

Ki fara lura da kwanukan nan, don ba iri ɗaya ba ne. Biyu na ciyayya ne. Yaro zai ɗauki malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kuka, a rufe da faifai, ya kai maƙwabta, kuma kwanon ba ya dawowa wayam. Yau a zubo dambu, gobe kwaɗon rama ko tafasa. A watan Agusta da wuya ki sami gidan da tukunya ke hawa murhu kullum ba fashi, amma da wuya kuma gidaje biyar su rasa rana ɗaya. Ranar da aka rasa a gidanku, yara sun ci na maƙwabta, kuma ba wanda ya san an rasa, tunda dama kwano ya saba shigowa. Wannan rufin asiri shi ne ainihin amfanin abin. Ku a birni kuna da albashi da asusun banki. Inna maƙwabtanta ne ajiyarta.

Na ukun shi ne wanda ba ya dawowa da komai sai addu'a. Gidan tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani yake zuwa, ko a juye wa almajiri a robarsa. Nan imani ya shigo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino ne, ya kuma umarci Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya ɗiba wa maƙwabta. Dubi ma'aunin: tsagin dabino da ƙarin ruwa. Da marasa hali ake magana. A Suratul Hashri, aya ta 9, Allah Ya yabi mutanen Madina da cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. Innarki ba ta yi zurfi a karatu ba, amma ta ji wannan a tafsirin azumi tun tana budurwa, ta kuwa riƙe.

Haka maza suke yi da kaka. Zakkar amfanin gona ba ta wajaba sai an kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, sannan a fitar da ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa aka noma. Ƙananan manoma da yawa ba sa kai wa nisabin, amma za ki ga mutum ya ƙirga damin gero goma ya ware ɗaya, ya ce na Allah ne. Zakkar fidda kai ma, sa'i ɗaya a kan kowane rai, sau da yawa gidan da ya fitar da ita da safe shi ake kawo wa ta wani kafin a tafi idi.

Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san iyakar abin. Da rumbuna suka ƙare gaba ɗaya, ciyayya ta tsaya, mutane suka watse, 'yan'uwanmu na Nijar suka yi ta kwararowa Kano da Katsina. Ciyayya tana tare yunwar gida ɗaya, ba ta tare ta ƙasa baki ɗaya.

Inda kike da gaskiya kuwa, shi ne wajen biki. Mace ta ci bashi ko ta cinye adashinta don kada a ce gudummawarta ta gaza ta wance, a rubuta a littafi, a jira ranar ramuwa. Wannan kam ba na kiransa sadaka, kuma ko a gaban Innarki na sha faɗa. Addini ya ce ka fara da wanda ciyarwarsa ke wuyanka, ya kuma hana ɓata sadaka da gori. Idan da ƙannenki na kwana da yunwa saboda kwanon nan, da ni zan fara yi mata magana. Na tambaya, ba sa kwana.

Saboda haka kada ki ce mata ta daina, za ta ji kamar kin ce ta fita daga cikin mutane. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka: maimakon ki riƙa aiko kuɗi a tsakiyar damina lokacin da tiyar gero ta yi tsada, ki tara ki aiko da kaka, wajen Nuwamba, a saya da araha a zuba a rumbu. Ki lissafa da kwano na ukun a ciki, don ko kin hana sai ya fita. Idan kin shirya ki sanar da ni, in sa a auno a kasuwar ƙauye.

Ki gaida maigidan.

Kawunki