Garin dankalina ya yi baƙi, fanken kuma ya ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ina sayar da fanke da kunu a unguwar Yelwa, a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Da fulawa ta yi tsada sai na sayi buhun dankalin Ngaundare, na yanka na shanya a rana, na kai inji. Garin ya fito baƙi-baƙi, fanken kuma ya ƙi tashi, ya yi nauyi. Ina na kuskure? Ƙanwarki ce.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Nima na taɓa zubar da kwaɓi roba guda a kan wannan, har yarana suna yi mini dariya.

Baƙin dai iska ce ta jawo shi. Da zarar an yanka dankali aka bar shi a fili, sai ya fara sauya launi. Ki riƙa yankawa siri-siri kina jefawa cikin ruwan da kika matsa lemon tsami, sannan ki tsame ki shanya. Duk wanda ƙwaro ya huda ko ya yi ɗaci, ki yar, ko akuya kar ki ba.

Rashin tashi kuwa ba laifin yis ba ne. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iska a cikin kwaɓi, dankali ba shi da shi ko kaɗan. Shi kaɗai ba zai taɓa yin fanke ba. In gari ne, kofi 1 na dankali, kofi 4 na fulawa.

Amma in za ki ji tawa, ki bar wahalar shanya. Ki wanke dankalin, ki dafa shi da ɓawonsa, ki ɓare, ki murƙushe ya yi laushi, in ya huce ki zuba a kwaɓi. A haka yana iya maye kusan kashi 4 cikin 10 na fulawa, fanken ya yi taushi, sukari ma ki rage tunda da zaƙinsa ya zo. Ruwa kuma a hankali, don dafaffen da jiƙarsa yake.

Ki nemi mai jan ciki, kalar karas. Shi ne ke ba jiki bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jikin yara; farin da muka saba kusan babu ita a ciki. Ba ƙaramin abu ba ne, don a 2016 masana huɗu sun karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a Amurka, uku daga cikinsu a kan wannan irin ne. Zafin rana da dogon ajiya suna cinye bitamin ɗin, shi ya sa na fi son dafaffe. In dole sai gari, ki shanya a inuwa lokacin hunturu, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙura, ki ajiye a mazubi mai murfi inda babu haske.

Kunun kuwa, in za ki sa dankalin a ciki, ki dama shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, domin jiki ba ya jan wannan bitamin sosai sai da ɗan maiƙo. Ki fara gwadawa da kofi biyar kafin ki taɓa jarinki, ki rubuto mini yadda masu saye suka ce.