Calibre da matsalar mayar da PDF zuwa EPUB

Ka tambayi wace manhaja za ka sa a kwamfuta don karanta littattafai da sauya su, da kuma abin da ya sa PDF ɗin da ka mayar EPUB (tsarin littafin lantarki da rubutunsa ke daidaita da girman allo) ya fito a hargitse.

Ɗauki Calibre. Kyauta ce, Kovid Goyal ya fara ta a 2006, tana aiki a Windows, Mac da Linux. Ka danna Add books, ka zaɓi littafin, sai Convert books, sannan a kusurwar dama ta sama ka zaɓi EPUB, ko AZW3 in na'urar karatu ta Kindle za ka tura wa ta kebul. In karatu kaɗai kake so, SumatraPDF ta fi sauƙi a Windows.

Hargitsewar kuwa daga PDF ɗin take. Shi bai san sakin layi ba, wurin zaman kowane harafi a shafi kawai ya riƙe, shi ya sa jimloli ke tsinkewa, lambar shafi ta faɗo tsakiyar magana. A tagar Convert books, ka kunna Heuristic processing, yana rage ɓarnar. In za ka samu asalin fayil ɗin Word (DOCX), da shi za ka sauya, ya fi kyau nesa ba kusa ba.

PDF ɗin da aka yi da hoton shafuka kuma, Calibre ba ta iya ciro rubutunsa, sai ka fara bi da shi ta manhajar OCR, wadda ke karanto rubutu daga hoto. Littafi mai kullen DRM, wato kullen hana kwafi, ma ba ya sauyuwa.

In ɓ, ɗ da ƙ suka fito kamar akwatuna, shiga Look & feel a tagar Convert books, ka cusa salon haruffa na Noto Serif ta Embed font family.