Amsa: Hawan jinin Baba zai iya jawo masa gigin tsufa?

'Yar'uwa, kina tambaya ko hawan jini da ciwon sukarin Babanku za su iya kai shi ga gigin tsufa. E, suna ƙara haɗarin, amma ba lallai ya same shi ba. Sannu a hankali suke lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini.

Sharaɗin rage haɗarin shi ne shan magani kullum. Kakata da ta ji sauƙi sai ta ajiye ƙwayoyin, wai ta warke, alhali hawan jini ba ya sallama. Ku riƙa auna shi a gida kuna rubutawa. In Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko hanyar masallaci ta ɓace masa, ku kai shi wurin likita.