Ku Tambaya Mu Amsa: Ashe Turawa Ma Suna da Ganuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ɗana yana karatu a birnin York na Ingila. Ya turo mini hotunan wata doguwar katangar dutse mai ƙofofi, ya ce ganuwar garin ce, har yawo ake yi a kanta. Yaya aka yi tasu take tsaye, tamu ta Zazzau kuwa kullum sai zaizayewa take yi? Daga wata Hajiya, Kwarbai, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba yaro sa'ar karatu. Gaskiya ya faɗa miki. Rumawa ne suka kafa York a shekara ta 71 miladiyya, amma yawancin ganuwar da kika gani an gina ta ne tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 3, kuma manyan ƙofofinta huɗu ne: Micklegate, Bootham, Monk da Walmgate. Ta Micklegate sarakuna ke shiga gari, a kanta kuma ake kafe kawunan waɗanda aka kashe bisa zargin cin amanar sarauta.

Mutane za su ce miki ai tasu dutse ce, tamu jar ƙasa. Haka ne, ƙasa sai da yaɓe bayan kowace damina, kuma tun da aka daina gayyar gyaran ganuwa ruwa ya samu yadda yake so. Amma ni ban yarda dutse kaɗai ya cece ta ba. Landan ma ganuwar dutse gare ta, ga shi an rushe ƙofofinta a shekarun 1760 don a faɗaɗa hanya, yau sunayensu kawai suka rage, irin su Aldgate da Ludgate.

York ma saura ƙiris. A 1800 hukumar garin da kanta ta nemi izinin rushe ganuwar, wai ta tsufa kuma tana tare hanya. Har an fara ɓarar da wasu sassa. Mutanen gari ne suka ce ba su yarda ba, ciki har da wani mai zane ɗan garin, William Etty. Suka tara kuɗi aka shiga gyara. Daga baya doka ta mara musu baya: tun dokar 1947 ake saka tsofaffin gine-ginen Ingila a rajista, kuma ko gidan gadonka ne, in yana ciki, ba ka isa ka rushe shi ko ka sauya masa fasali ba sai da izini.

Wannan ne ke ci mini rai in na bi ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana na ga inda aka kwashi ƙasar ganuwa aka buga tubali. Masallacin Juma'ar Zariya da shahararren magini Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallo, wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ki ce wa yaron ya leƙa titin Shambles, layin mahautan garin na da. Siriri ne ƙwarai, benayen katako sun ranƙwafo har sun kusa haɗa goshi, kuma ƙugiyoyin rataye nama suna nan a gaban wasu shagunan. Hawan ganuwar kyauta ne, sai dai da rana ake buɗewa.