Me ya sa har yanzu muke duba RSS a shafukan da muke ginawa?

Jiya da muke zaune a shago muna jiran a dawo da wuta, ka ce min: "Maigida, mene ne amfanin wannan RSS da kake sa ni dubawa a kowane shafi, alhali kowa na Facebook da WhatsApp?" Kafin in amsa sai ga mai aiki ya shigo. To, saurara yanzu, ɗana.

Ka san yadda ɗan kasuwa ke tura yaronsa Kasuwar Gumi ya zaga shaguna yana tambayar ko sabon kaya ya sauka? Haka abin yake. Shafi yana ajiye wani ɗan fayil na XML, wato tsarin rubutu da manhaja ke iya karantawa, mai jerin abubuwan da aka wallafa kwanan nan: kanun labari, adireshinsa, ranar fitowarsa, da ɗan bayani a taƙaice. Manhajar mai karatu, irin su Feedly ko Inoreader, ita ce ɗan aiken. Jifa-jifa takan leƙa fayil ɗin. In da sabo ta kwaso, in babu kuma, matuƙar an saita saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, yadda ya kamata, sai sabar ta amsa da lamba 304, wato ba abin da ya canja, ɗan aike ya juya ba a yi asarar data ba.

Abin ya girme ka. Kamfanin Netscape ne ya fito da shi a 1999, Dave Winer ya fitar da RSS 2.0 a 2002, ɗan'uwansa Atom ya biyo baya a 2005. Da Google ya rufe manhajarsa ta karanta RSS, Google Reader, ran 1 ga Yuli 2013, mutane da yawa sun yi masa jana'iza. Amma shirye-shiryen murya da kake sauraro a Keke Napep in za ka koma Rigasa, yawancinsu ta wannan hanya suke isa manhajar wayarka.

Shi Facebook, shi ke zaɓar wa mutum abin da zai gani. Makaranta ta sa sanarwar ranar komawa hutu, wasu iyaye su gani, wasu sai bayan kwana uku. Wanda ya bi ta RSS kuwa, komai na zuwa masa bi da bi, ba mai tsoma baki.

Sai dai a nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. WordPress, manhajar gina shafuka, na yin fayil ɗin da kansa, ka ƙara /feed a ƙarshen adireshi za ka gan shi, shi ya sa yara ke ɗauka ba sauran aiki. Akwai. Kowane labari yana da shaidarsa da ake kira guid, da ita manhaja ke gane abin da ta riga ta kawo. Kada ka taɓa ta. Ni na taɓa, shekarun baya, lokacin da na mayar da shafin wata ƙungiya sabon adireshi, na bi na canja komai har da guid. Washegari masu bin shafin suka tashi suka tarar da tsofaffin sanarwowi sun dawo a matsayin sababbi, har da ta rasuwar wani dattijo da aka yi sadakar arba'in ɗinsa tuntuni. Aka dinga kiran iyalansa ana ta'aziyya. Da ƙafata na je gidan na ba da haƙuri.

Ka kuma tabbata fayil ɗin na kan UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗaukar haruffanmu, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko tarkace. Lokaci kuma ka sa namu, +0100. Alamar & guda ɗaya da ba a rubuta ta daidai ba tana iya lalata fayil ɗin gaba ɗaya.

Gobe in ka iso, kafin ka aika a kawo shayi, buɗe /feed na shafin nan na mai atamfa, ka saka shi a Feedly ta wayarka, ka wallafa gwaji mai ɗauke da kalmar "ƙwarya", ka kawo min in gani.